Haƙƙin Hanya: Abin da Muka Gani a Alƙahira



Ya ku 'yan'uwa Musulmi, mu mazauna Legas mun ɗauka babu gosulon da zai ba mu mamaki, tunda mun saba da Oshodi da Apapa. Sai da jinyar wani ɗan'uwa ta kai mu Alƙahira, babban birnin Masar, muka yarda cewa gaba da gabanta.

Motar haya ta hau da mu Gadar 6 ga Oktoba, wadda tsawonta ya kai kilomita 20 a saman gari, amma duk da haka a cushe take. Ba mai bin layi, kowa na danna hon kamar gaisuwa. Muka sauka a dandalin Ramsis, gaban babbar tashar jirgin ƙasa, muna son tsallaka titi. Muka tsaya jiran motoci su ba mu hanya, ba wadda ta rage gudu, ga mara lafiya yana jingine da mu. Rai ya ɓaci, har baki ya fara aibata mutanen gari gaba ɗaya. Astagfirullah.

Ana cikin haka sai wani dattijo riƙe da ledar burodi ya dube mu. Ya kama hannun mara lafiyar, ya ɗaga wa direbobi tafin hannu, ya shiga titi a tsanake, ba gudu ba ja da baya, muna biye da shi har muka haye. Ya yi mana sallama ya wuce. Ko sunansa ba mu sani ba, kuma yana cikin mutanen da muka gama zagi.

Jama'a, addininmu bai bar hanya haka kawai ba. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanya. Da suka ce ba su da makawa, sai ya shardanta musu biyan haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani daga mummuna. Haka kuma ranar saukowa daga Arfa, da ya ji mutane suna tsawa suna dukan raƙuma, ya umarce su da natsuwa, ya nuna musu cewa gaggawa ba ita ce ɗa'a ba.

To, mu dawo gida. Tsoron da muka ji a Ramsis, shi wani yake ji a ƙofar masallacin nan kowace Juma'a. Mukan ajiye motoci layi biyu, babura su toshe lungu, tebura da baro su cinye wurin masu tafiya a ƙasa. Maƙwabcinmu Bayarabe ko Inyamuri da ke ƙoƙarin kai matarsa asibiti, me zai ce game da sallarmu? Mu baƙi ne a nan, ana auna Musulunci da halinmu. Yaya mutum zai zo neman lada, ya koma da alhakin wani?

Don haka daga yau, Alhaji, a ajiye mota inda ba za ta tare ƙofar kowa ba, ko da za a ɗan taka. Masu kaya, a ja tebur baya. Samarinmu masu babura, a bar bin hannun da ba naku ba, a bar zagi. Iyaye mata, a riƙe hannun yara. Wanda ya ga tsoho ko baƙo ya rasa yadda zai tsallaka, ya zame masa dattijon nan.

Allah Ya saka masa da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya mayar da kowane matafiyi ga iyalinsa lafiya. Amin. Juma'a mai albarka.