Ƙauyen da Ya Rufe Kansa

A shekara ta 1665 annoba ta faɗa wa birnin Landan. Cikin watan Satumba aka kawo ƙunshin yadi daga can zuwa gidan wani tela a Eyam, wani ɗan ƙauye a ƙasar Derbyshire ta Ingila. An ce yadin yana ɗauke da ƙuma. George Viccars, wanda ya kwance shi, bai yi kwanaki ba ya rasu, ciwon kuwa ya shiga gida gida.

Da abin ya tsananta a watan Yuni na 1666, mutane suka yi shirin gudu. Limamin ikilisiyar, William Mompesson, baƙo ne a wurin, maganarsa ba ta da nauyi tukuna. Sai ya nemi Thomas Stanley, tsohon limamin da aka tuɓe domin ya ƙi bin tsarin sujadar da hukuma ta kafa, wanda jama'a suka fi amincewa da shi. Su biyu suka roƙi mutane kada kowa ya fita, don kada a kai ciwon Sheffield da garuruwan kewaye. Aka yarda. Maƙwabta sukan ajiye abinci a kan iyaka, mutanen Eyam su bar kuɗi cikin ramukan dutse cike da ruwan tsami. Kafin annobar ta lafa a watan Nuwamba, mutum wajen 260 sun mutu.

To, mutum yana da ikon roƙon ɗan'uwansa ya zauna bakin mutuwa saboda waɗanda bai taɓa gani ba? Masu yabo sukan amsa da sauri. Amma kafin a rufe ƙauyen, waɗansu masu hali sun riga sun fita, Mompesson kansa ya aika da 'ya'yansa biyu wani wuri. Wanda ba shi da doki, ba shi da dangi a nesa, ina za shi? Yardar talaka a irin wannan hali ba ɗaya take da yardar mai zaɓi ba. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'ya shida cikin kwana takwas, ita da kanta take jan gawa zuwa gona.

Duk da haka, ba daidai ba ne a kira limamin munafuki. Roƙo ya yi, ba shi da soja ko ɗaya, nauyin da ya ɗora wa mutane kuwa bai tsame kansa daga ciki ba. Yana da hanyar fita, ya zauna yana zaga marasa lafiya. Matarsa Catherine ta ƙi barinsa, ta rasu a watan Agusta. Kabarinta yana harabar majami'a. Na iyalin Hancock suna can cikin gona bayan gari, an kewaye su da ɗan gajeren bangon dutse.