Ruwan da ke Tafasa Babu Wuta

Akwai wani irin jirgin ruwa da ba shi da farfela a waje. Ta ƙarƙashin cikinsa yake zuƙo ruwa, wata farfela da ke ɓoye cikin bututu ta matse shi, sannan ya feso shi da ƙarfi ta baya. Feshin nan ne ke tura shi gaba, shi ne kuma linzaminsa. Wani manomi ɗan ƙasar Nuzilan, Bill Hamilton, shi ya gyara wannan dabara har ta yi aiki a 1954, saboda kogunan yankinsu na Canterbury ba su da zurfi, ga su cike da tsakuwa mai karya farfela. A 1960 jirage irin nasa suka haura Kogin Colorado na Amurka ta cikin Grand Canyon, suna saɓa wa gudun ruwa.

Sai dai jirgin yana da wata cuta mai wahalar da masu shi. Direba zai danna totur, inji ya yi kururuwa, allurar da ke nuna gudun inji ta haura, amma jirgi na nan yana jan jiki. Daga ƙasa ana jin ƙara kamar an zuba tsakuwa a cikin bututun, jirgin duka yana karkarwa. A buɗe a duba, babu tsakuwa ko ɗaya. Sai a tarar da fuka-fukan farfela sun yi zanzana, ƙarfe mai tauri ya zagwanye. Me ya ci shi?

Amsar tana cikin wata ƙa'ida da Allah Ya ɗora ruwa a kanta. Kowa ya san ruwa na tafasa a digiri 100, amma wannan a bakin teku ne, inda nauyin iska ke danne shi sosai. In matsi ya ragu, ruwa kan tafasa tun bai yi zafi haka ba, shi ya sa dahuwa ke daɗewa a kan manyan duwatsu. In matsin ya faɗi ƙwarai, ruwan sanyi ma sai ya tafasa. Haka ke faruwa a gaban farfela idan tana zuƙa fiye da abin da ƙofar ruwa ke iya kawo mata. Matsi ya faɗi, ruwa ya tsage, ƙananan kumfa na tururi su cika wurin. Farfela kuwa ruwa aka yi ta don ta kama, ba ta iya kama tururi, sai ta yi ta juyawa a banza. Da kumfan nan suka matsa gaba kaɗan zuwa inda matsi ya dawo, sai su rufta cikin ƙiftawar ido, kowanne ya harbi ƙarfe da ɗan tsinin ruwa. Guda ɗaya ba ya komai. Dubbai a kowace daƙiƙa, wata da watanni, su ke cinye ƙarfe. Abin mamaki, ba dutse ne ya yi ɓarnar ba, rashin ruwa ne a tsakiyar ruwa.

Nan ne masu jirgi ke shan wuya. Mutum ya ga farfela ta lalace, ya sayi sabuwa ya ɗaura, bayan ɗan lokaci ita ma ta yi zanzana. Wani ya zargi inji, ya kashe kuɗi ya ƙara masa ƙarfi, abin ya ƙara muni, domin ƙarin zuƙa ƙarin kumfa ne. Ba nan take ba, an danne bodari ta ka. Gwanin makanike ba ya farawa daga inda ciwon ya bayyana. Ƙarƙashin jirgi yake fara leƙawa, ya duba ragar ƙarfen da ke ƙofar ruwa, ko leda ko ciyawa ta manne mata. Ya shafa cikin jirgin gaban ƙofar, ko akwai lotsewa ko wani abu da aka ɗaura wanda ke hargitsa ruwa kafin ya shiga. Ya auna ratar da ke tsakanin farfela da zoben da ke kewaye da ita, wadda bai kamata ta kai milimita 1 ba, don yashi kan ci zoben har ruwa ya riƙa sulalewa baya. Ya bi robobin da ke toshe mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, saboda iskar da ke kutsawa ta tsaga tana ba da alamu iri ɗaya alhali cutar daban ce. Daga ƙarshe ya tambayi mai jirgi nawa yake lodi, da yadda yake tashi. Wanda ke danne totur gaba ɗaya daga tsaye yana neman ruwan da bai riga ya fara kwararowa ba.

Tun kafin Hamilton, injiniya Charles Parsons na Ingila ya gamu da wannan matsala a jirginsa Turbinia. Injin na da ƙarfi, gudu ya ƙi samuwa. Bayan ya yi nazarin kumfan, sai ya raba aikin ga farfela 9 maimakon ya jibga wa ɗaya, kuma a 1897 jirgin ya wuce kilomita 60 a awa.

Ɗan Adam ma yana da ƙofar shiga da mafita. Mai wa'azin da ya daina karatu amma bai rage hawa mumbari ba, muryarsa kan ƙara ɗagawa yayin da maganarsa ke rage kama zuciya. Ɗan kasuwar da fitarwarsa ta fi shigarsa, kai-komonsa kan yawaita, shagon kuma yana ramewa. Magidancin da ke ba da umarni ba ya saurare, tsawarsa kan ƙaru, biyayya ta ragu. Dukansu suna aiki tuƙuru, ba malalata ba ne, kuma wannan ne ke ruɗar da su. Da suka ga ba a tafiya, sai su ƙara danna totur. Gurbin da ke cikinsu kuwa ba ya zama shiru. Yakan rufta a kan na kusa da su, ya fito a matsayin faɗa da iyali, ko ƙaryar rufe bashi, ko fatawar da ba ta da tushe. Daga nan a sake mata, a sake yaron shago, a sake gari, sabon ma ya lalace kamar na da, tun da ba a taɓa tushen cutar ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya ga ƙoƙarinsa na ƙaruwa amfaninsa na raguwa, ya sassauta tukuna, ya duba abin da ke shigo masa na ilimi, da halal, da shawara, da hutu, ya ga abin da ya toshe. Sassautawar nan tana da ɗaci ga mai gaggawa, amma ita ce ke ba shi damar sake kama abin da zai tura shi gaba.