Ƙaramin Tabo, Doguwar Amana

Duk wanda ya taɓa neman bayani a intanet kan ciwon zuciya, ko don kansa ko don wani nasa, ya san tallan da ke bin sa bayan nan. Asibitocin Indiya da Turkiyya da Masar da Dubai suna yi mana alkawari kusan iri ɗaya. Za a gyara bawul ɗin zuciya ba tare da an tsaga ƙirji ba, ɗan yanka ne tsakanin haƙarƙari, kwana kaɗan mutum ya miƙe. Za a tarbe ka a filin jirgi, a ba ka tafinta, a sama maka masauki da abincin halal, a taimaka maka wajen neman biza. Yawancin wannan gaskiya ne. Abin da tallan ba ya taɓawa shi ne abin da zai faru bayan majinyacin ya sauka a Kano ko Yamai, ya hau mota zuwa garinsu. A nan tambayarmu take. Likitan da ya karɓi baƙo daga nesa, ya sa hannu a zuciyarsa, a ina haƙƙin da ke wuyansa yake ƙarewa? Mu kuma da muka tara kuɗi muka tura shi, mene ne namu kason?

Kafin mu yi hukunci, ya kamata mu san aikin da ake magana a kai. Zuciya tana da ɗakuna huɗu da bawul huɗu. Kowane bawul kamar ƙyauren ƙofa yake, yana buɗewa jini ya wuce, ya rufe don kada jinin ya koma baya. Idan ƙyauren ya ƙage, ko ya daina rufewa da kyau, sai zuciya ta riƙa aiki fiye da ƙarfinta. Mutum ya fara haki, ƙafa ta kumbura, kwanciya ta gagara sai a jingine. A 1953 John Gibbon ya yi nasarar yin tiyata da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, a birnin Filadelfiya na Amurka. A 1960 Albert Starr da injiniya Lowell Edwards suka dasa wa mutum bawul ɗin da suka ƙera. Tun daga lokacin hanyar da aka saba ita ce a tsaga ƙashin ƙirji daga sama zuwa ƙasa, a yi aikin, a ɗaure ƙashin da waya, majinyaci ya jira makonni shida zuwa takwas kafin ya haɗe.

Sabuwar hanyar tana kauce wa wannan ƙashin. Likita yakan shiga ta wani yanka da bai kai tsawon tafin hannu ba a gefen dama na ƙirji, da kyamara da dogayen kayan aiki, a haɗa na'urar zuciya da huhu ta jijiyoyin cinya. Akwai ma wadda ta fi wannan sauƙi. A 2002, a birnin Rouen na Faransa, Alain Cribier ya tura sabon bawul cikin siririn bututu ta jijiyar jini har zuciya, ya buɗe shi a cikin tsohon, ba tare da an tsayar da zuciyar ba. Zubar jini ta ragu, zafin ciwo ya ragu, zaman asibiti ya ragu. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma duk wanda ya ga tsoho yana takawa kwana biyu bayan aikin zuciya ya san ni'ima ce.

Sai dai ciwon da ya fi damun mu ba shi ne wanda aka ƙirƙiro hanyar bututun dominsa ba. A Turai da Amurka yawanci tsufa ne ke sa bawul ya ƙage, a jikin masu shekara saba'in ko tamanin. A ƙasashenmu, babban mai lalata bawul yana farawa ne da ciwon maƙogwaro a jikin yaro ɗan shekara biyar zuwa sha biyar. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Idan ba a ba da maganin da ya dace ba, garkuwar jikin wasu yaran sai ta rikice, ta auka wa gaɓoɓi da zuciyar yaron kansa. Zazzaɓin ya zo ya wuce, ya sake dawowa, kowane zuwa yana barin tabo a bawul. Bayan shekaru sai a ga budurwa ko matashi ba ya iya hawan bene. Sau da yawa mace ba ta sanin tana da shi sai ta ɗauki ciki, zuciyar ta kasa ɗaukar ƙarin nauyin. Wannan ciwo yana kashe kimanin mutum dubu 300 a duniya kowace shekara, kusan dukkansu a ƙasashe matalauta, abin da ya sa babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa a 2018.

Bawul ɗin da wannan ciwo ya ci yakan yi kauri ya manne, gyaransa yana da wuya, kuma sau da yawa fiye da ɗaya ne ya lalace. Wani lokaci ana iya buɗe shi da balan-balan ta jijiya, dabarar da likitan Jafan Kanji Inoue ya fito da ita a farkon shekarun 1980. Idan abin ya wuce nan, sai a cire shi a sa wani. A nan ne zaɓi mai nauyi yake.

Akwai bawul ɗin da ake kira na ƙarfe. Yana iya kai mutum ƙarshen rayuwarsa bai lalace ba, amma jini yana son daskarewa a jikinsa. Don haka dole mai shi ya sha wafarin, maganin tsinka jini, kullum har ya mutu, kuma ya riƙa yin gwajin jini da ake kira INR a kai a kai. Idan maganin ya yi kaɗan, gudan jini zai iya toshe bawul ɗin ko ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Idan ya yi yawa, jini ya ɓalle. Cin ganye irin su alayyahu yana canza ƙarfinsa, haka wasu magungunan asibiti da na gargajiya. Yana kuma iya cutar da ɗan tayi a farkon ciki. Akwai kuma bawul ɗin da ake yi da tantanin zuciyar saniya ko bawul ɗin alade. Shi ba ya bukatar wafarin na har abada, amma yana tsufa, yawanci cikin shekara goma zuwa sha biyar, kuma a jikin matashi ya fi saurin lalacewa. Ke nan sai an sake tiyata, an sake tara kuɗi.

Mu ɗauka wata yarinya ce 'yar shekara ashirin da biyu, daga garin da babu ɗakin gwajin INR sai an yi tafiyar rabin yini, kuma tana fatan aure da haihuwa. Girman yankan da za a yi mata a ƙirji ƙaramin al'amari ne idan aka kwatanta da irin bawul ɗin da za a sa mata. Tabon zai warke cikin makonni. Bawul ɗin kuwa shi zai tsara mata abincinta, haihuwarta, tafiye-tafiyenta da aljihun iyalinta na shekara arba'in. Likitan da bai tambayi inda take zaune ba, bai tambayi nisan asibiti ba, bai tambayi burinta na haihuwa ba, zai iya yin aiki mai tsabta ƙwarai, amma ya mayar da ita gida da haɗarin da ba ta zo da shi ba.

Akwai amsar da masu kare kasuwar za su bayar, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce asibitin ya sayar da abin da aka nema, ya cika alkawari, ya ba da takardar sallama da bayanin magani. Ba shi ya rusa asibitocin ƙasar majinyaci ba, ba kuma zai iya zama gwamnatin wata ƙasa ba. Za su ƙara da cewa yawan marasa lafiya shi ke sa hannun likita ya faɗa, farashi ya sauka. Devi Shetty ya nuna haka a asibitinsa na Bangalore, inda aikin zuciya ya yi arha ƙwarai idan aka kwatanta da Amurka. Ba don irin waɗannan asibitoci ba, da mutanenmu da yawa da ke raye yau sun daɗe a kabari.

Duk wannan haka yake. Amma jinya ta bambanta da cinikin atamfa. A kasuwa mai saye yana taɓa kaya, ya ja, ya duba, ya taya, in bai gamsu ba ya wuce rumfa ta gaba. Mai haki ba ya iya taya farashi, kuma ba shi da ilimin da zai auna abin da aka gaya masa. Sau da yawa ma tsakaninsa da likitan akwai dillali, wanda ladarsa ke fitowa idan an yi aikin, ba idan majinyacin ya kai shekara goma da rai ba. Inda ɗaya ya san komai ɗayan bai san komai ba, abin da ke tsakaninsu amana ce, ko da an biya kuɗi an ba da rasit. Akwai kuma abu na biyu. Wanda ya sa wa mutum bawul na ƙarfe ya haifar masa da wata bukata da bai taɓa samu ba, bukatar magani da gwaji na har abada. Wanda ya haifar da bukata yana da kaso a nauyin biyanta. Masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta a cikinmu sun san cewa ranar miƙa aiki ita ce farkon ɗawainiyarsa, kuma babu mai yabon kamfanin da ya kafa wa asibiti ko banki tsari ya kashe wayarsa. Idan haka ne a kan na'ura, ina ga zuciyar ɗan Adam?

Ba abin da ba zai yiwu ba muke nema. A Soba, kudu da Khartoum, ƙungiyar Emergency ta ƙasar Italiya, wadda likita Gino Strada ya kafa, ta buɗe cibiyar tiyatar zuciya ta Salam a 2007. Aikin kyauta ne, kuma yawancinsa na bawul ne da wannan ciwo na yara ya lalata. Marasa lafiya sun zo mata daga ƙasashen Afirka da dama. Abin lura a tsarinta shi ne likitocinta sun riƙa zuwa ƙasashen su duba mutane kafin a kawo su, su kuma koma su duba su bayan an sallame su, kuma ta ɗauki bayar da maganin tsinka jini da gwajinsa a matsayin wani ɓangare na aikin. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya nuna raunin duk wani tsari da ya dogara da wuri guda mai nisa, domin mai bawul na ƙarfe ba ya iya jiran a tsagaita wuta kafin ya sha maganinsa. Duk da haka cibiyar ta kafa hujja a kan masu cewa bibiyar baƙo ta fi ƙarfin asibiti. Idan mai yi kyauta ya iya, mai karɓar dala ba shi da uzuri.

Yanzu sai namu kason. Ba za mu zargi wanda ya fita neman magani ba, domin rai ba shi da madadi, kuma uban da ya sayar da gona don 'yarsa ta yi numfashi ya yi abin da ya dace. Amma ya kamata mu tuna cewa an yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya tun 1974, a asibitin koyarwa na Enugu. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta cika shi ba. Da ciwon zuciya ya kama Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2009, Jidda aka kai shi. Idan masu rabon kuɗin ƙasa suna da ƙofar fita, asibitin gida ba ya samun mai jin zafinsa a inda ake yanke shawara. Gwajin INR da ya yi wa yarinyar can nisa, ba likitan Indiya ne ya nesanta shi ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu talakawa. Idan aka sa hoton yaro mai kumburarren ciki a Facebook, aka ce ana neman miliyoyi don a kai shi waje, hannunmu yana buɗewa, kuma Allah Ya saka wa masu bayarwa. Amma shekara goma kafin hoton, yaron ya yi ciwon maƙogwaro da fenisilin zai iya warkarwa. Bayan zazzaɓin farko, allurar fenisilin sau ɗaya duk mako uku ko huɗu za ta iya hana ciwon cin bawul ɗin. Kuɗin tiyatar mutum ɗaya zai sayi wannan allura ga yara masu yawa na tsawon shekaru. Muna cewa rigakafi ya fi magani, sai dai tausayinmu yana bin fuskar da muke gani, yaron da aka kare kuwa ba shi da hoto, domin bai taɓa kwanciya ba. Ba cewa muke a bar mai bukatar tiyata ya mutu don a sayi allura ba. Cewa muke gidauniyar da ta iya tara kuɗin jirgi za ta iya ɗaukar nauyin ma'aikaciyar jinya da ke duba maƙogwaron yara a firamare da islamiyya, za ta iya saya wa asibitin ƙaramar hukuma na'urar gwajin INR.

Wanda tafiyar ta kama shi, ko ta kama nasa, ya tafi da tambayoyinsa a rubuce. Shin bawul ɗin zai gyaru ko sai an canza? Idan canzawa ne, wane iri, da me aka yi shi, kuma me ya sa shi ya fi dacewa da wurin da majinyacin zai zauna? Wane likita ne a gida zai karɓe shi, kuma an yi magana da shi kafin a shiga ɗakin tiyata? Idan jini ya ɓalle da tsakar dare bayan wata shida, wa za a kira? Asibitin da ya zauna ya amsa waɗannan a natse ya san nauyin abin da aka ba shi. Wanda ya mayar da zancen kan ƙanƙantar tabo da kyawun ɗakin kwana, a yi masa godiya a nemi wani.