Sauri Ko Sannu: Tambaya Daga Hanyoyin Ruwan Ingila

A ƙasashen Ingila da Wales akwai hanyoyin ruwa, yawancinsu haƙar hannun ɗan Adam, da tsawonsu ya kai kimanin mil 2,000 a ƙarƙashin kulawar hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi aikin a 2012. A kansu ne wasu siraran jiragen ruwa suke yawo. Faɗin kowanne bai cika ƙafa 7 ba, amma tsawonsa yakan kai ƙafa 70. A watan Oktoba, lokacin kaka, sa'ad da ganyaye suke rinewa ja da rawaya suna zuba, iyalai sukan yi hayar irin jirgin nan su wuni a kan ruwa. Doka ba ta yarda a wuce gudun mil 4 a awa ɗaya ba, wato mai tafiya a ƙasa, in ya ɗaga ƙafa, zai iya jerawa da jirgin. Tafiyar wuni guda, mota za ta yi ta cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. To, wannan hikima ce ko ɓata lokaci?

Mai cewa ɓata lokaci ne yana da hujja. Ba domin shaƙatawa aka haƙa hanyoyin nan ba. Sa'ad da aka buɗe ta Bridgewater a 1761, wadda James Brindley ya yi aiki a kanta, manufar ita ce a kai gawayin kwal Manchesta cikin sauƙi, farashinsa kuwa ya faɗi da kusan rabi. Doki ɗaya yana jan tan 25 ko fiye a kan ruwa. Bayan jirgin ƙasa ya fara ƙwace ciniki daga 1830, kuɗin dako ya karye, har matuƙa da yawa suka kwaso mata da 'ya'ya suka tare a ɗan ɗakin da ke bayan jirgi, yara suna aiki ba makaranta. Sai da George Smith na Coalville ya yi ta fafutuka kafin a yi dokar jiragen a 1877. Waɗannan mutane ba su zaɓi tafiyar sannu ba; talauci ne ya ɗora musu. Saboda haka kada mu yi saurin yabon nawa. Wanda yake ɗauke da mara lafiya zuwa asibiti, jinkirinsa laifi ne.

Duk da haka, mu duba dalilin dokar mil 4. Ruwan ba zurfi, hanyar kuma matsattsiya ce. Jirgin da ya yi gudu yakan ta da igiyar ruwa mai zaizaye gaɓa, ta lalata sheƙar tsuntsaye, ta girgiza jiragen da aka ɗaure a gefe, waɗanda wasunsu gidajen mutane ne, tukunya na kan wuta. Shi ya sa al'ada ta ce a rage gudu ƙwarai in za a wuce su. Ashe ba a hana sauri domin sauri mugun abu ne ba, sai domin wani ne yake biyan kuɗinsa.

Haka yake a wurin matakalar ruwa, wato ɗakin nan mai ƙofofi gaba da baya inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi in hanya ta gamu da tudu. A Caen Hill kusa da Devizes akwai 29, hawansu yakan ci awa 5 ko 6. Ƙofar ba ta buɗuwa sai ruwan ciki da na waje sun daidaita. Ko ɗan bambanci kaɗan ya rage, ƙato ya tura har ya gaji ba za ta motsa ba. Kowace wucewa kuma tana zubar da dubban galan na ruwa daga tafkin da ke sama. Idan matuƙi ya hango wani jirgi yana zuwa, matakalar kuma a shirye take domin wancan, ladabi shi ne ya jira. In ya juye ruwan domin kansa, ya sami minti 10, amma ya ci rabon wanda zai zo gobe. Wannan ba zancen baka ba ne, gama a 2022 da 2025 fari ya sa aka rufe sassan wasu hanyoyi, har da ta Leeds zuwa Liverpool.

Kaka ma tana da nata darasi. Ganyayen da suka zuba sukan manne wa farfelar injin, jirgi ya yi nauyi. Ƙara wuta ba ya magani. Sai an tsaya, an juya injin baya kaɗan, ganyen ya saki. Sauri ya haifi nawa ke nan. Amma rana tana faɗuwa da wuri, don haka wanda ya yi sanyin jiki da safe dare zai same shi bai kai masauki ba.

'Yan'uwa, amsar ita ce: sauri ba zunubi ba ne, sannu kuma ba adalci ba ce. Ma'aunin shi ne, a kan wa nauyin yake sauka? Uban da yake yanke wa yaro magana domin yana hanzari, da 'yar da take jan tsohuwa a hanya, da mai shari'ar gida da yake yanke hukunci bai ji ɓangare na biyu ba, duk sun ajiye lokacinsu ne da kuɗin wani. Haka kuma mai jinkirta biyan bashi ko neman sulhu, yana fakewa da haƙuri, wani ne yake shan wahalar nawarsa. Kafin mu ƙara gudu ko mu ja ƙafa, bari mu waiwaya mu ga wa yake ɗaure a bakin gaɓa.