Birni Mai Tsabta, Amma Ina Matalauta?

Karatu: Wahayin Yahaya 22:1-5, Irmiya 29:4-7

Duk wanda ya taɓa zuwa Kigali, babban birnin Ruwanda, abin da zai fara ba ka labari shi ne tsabta. Ba leda a kwata, ba tarin juji a bakin hanya. Tun shekara ta 2008 ƙasar ta hana amfani da ledar roba. A ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata kuwa, mutane suna fitowa da safe su yi aikin gayya da suke kira Umuganda: sharar unguwa, gyaran magudanar ruwa, dasa itatuwa. A rufe shaguna, motoci su dakata.

Ka tuna, ƙasar nan ce aka yi kisan ƙare dangi a cikinta a 1994. Mutanen da suka ga gawa a kan titi suka ɗauki mafarkin sabon birni, mafarkin kuwa ya shiga hannuwansu. Yaron da ya tashi yana ganin babansa da tsintsiya kowane wata, da wuya ya jefar da shara a ƙasa in ya girma. A ganina, a nan ne mafarki yake da amfani. A Abu Dabi an fara gina birnin Masdar da burin kada ya fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya ko kaɗan. Kuɗi ya zuba, amma daga baya aka rage burin, domin gini ba ya koya wa mutum hali.

Sai dai akwai abin da ke damun zuciyata. A 2015 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa ana kama masu talla, mabarata da yaran titi a Kigali, ana tsare su a wani wuri a unguwar Gikondo. Gwamnati ta ce wurin gyara hali ne. To, idan mai tallar ayaba ta zama ƙazanta a idon birni, wace tsabta ke nan?

Birnin da Yahaya ya gani shi ma yana da kogi, yana da itace mai ba da 'ya'ya kowane wata. Amma ganyayen itacen na warkar da al'ummai ne, ƙofofin birnin kuma a buɗe suke. Irmiya ya faɗa wa bayin da ke Babila su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar garin, ko da yake ba garinsu ba ne.

Mu ma a Yamai an fara dasa shingen itatuwa kewaye da gari tun 1965, yawancinsu dogon yaro. Yau an yanka wani sashe mai yawa an yi filaye da gidaje, inuwar da ta rage kuma talakawa ne suka fi zama a ƙarƙashinta.