Dutsen da ba ya cika ciki

Ƴan uwa, ga tambaya. Mutum yana haƙar ƙasa don abincin iyalinsa. Ya fasa dutse, sai ya ga siffar ƙwaro a ciki. Ba a cin dutsen, ba ya kama wuta. Ya tsaya ya ajiye shi, ko ya jefar ya ci gaba da aiki?

Haka ta faru a Commentry, wani gari a tsakiyar Faransa. Can an haƙi gawayin ƙasa, irin na Anu Araren. A 1880 aka samu dutse mai siffar mazari, ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ke shawagi bisa tabki. Amma wannan ƙato ne. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya kai wajen santimita 70, kusan kamu ɗaya da rabi. A 1885 wani masani, Charles Brongniart, ya raɗa masa suna Meganeura.

Yaya ƙwaro ya shiga dutse? Shekara wajen miliyan 300 da suka wuce, wurin tabki ne, kewaye da fadama da manyan itatuwa. Ƙwaron ya faɗa ruwa. Laka mai laushi ta rufe shi kafin ya ruɓe. Laka ta hau laka har ta zama dutse, itatuwan kuma suka zama gawayi. Har jijiyoyin fiffiken ana gani.

Wani zai ce: ina amfaninsa? Yana da hujja, yunwa ba ta jira. Amma ni ban yarda a jefar ba. Gawayi, in an ƙona buhu yau, gobe a haƙo wani. Wannan dutse kuwa shaida ne, in ya farfashe shi ke nan. Kuma ya yi magana. Ƙwari suna numfashi ta ƴan ƙofofi a jikinsu. Masana da yawa suna ganin iskar wancan zamani ta fi ta yau yawan abin da rai ke shaƙa, shi ya sa ƙwaro ya iya girma haka.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Suna ya tafi ga masani da mai kamfani. Lebura fa, da ya dakatar da diga ya ɗauki dutsen a hankali? Lokacinsa ne ya tafi. A ganina, duk wanda ya ce masa ya ajiye dutsen, shi ya kamata ya biya shi wannan lokaci, ya kuma rubuta sunansa kusa da na ƙwaron.