Kwanon Majinyaci: A Wuyan Wa Yake?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti a ƙasar nan ya san cewa shimfiɗa biyu ce ke ɗauke da majinyaci. Akwai gadon ƙarfe da hukuma ta tanada, akwai kuma tabarmar da ke baranda, inda mai jinya yake kwana. Likita ya rubuta magani, nas ta yi allura, amma kunu da tuwo da farfesu daga gida suke fitowa. Mutumin Azuba, wanda garinsa ke bakin hanyar Lafiya zuwa Akwanga, idan aka kwantar da ɗan'uwansa a cikin garin Lafiya ya san aikin da ke gabansa: tun da asuba a dama kunu a zuba a fulas, a ɗaure kula a bayan babur a nufi asibiti, da yamma kuma a sake. Mun saba da wannan tsari har mun ɗauka haka Allah ya halicci jinya. Sai da annobar korona ta zo a 2020, aka killace majinyata, aka hana dangi shiga, sa'annan tambayar da muka daɗe muna tsallakewa ta tare mana hanya. Shin ciyar da majinyaci alheri ne na dangi, ko kuwa haƙƙi ne da ke cikin magani? Idan haƙƙi ne, a wuyan wa yake?

Abin da cuta ke ci

Kafin mu shiga batun haƙƙi, ya kamata mu san abin da ke faruwa a jikin wanda ƙwayar bairos ta kama wa huhu, korona ce ko mura mai tsanani irin wadda kakanninmu suka kira marisuwa a 1918. Zazzaɓi wuta ne, wuta kuwa sai da itace. Masana sun ƙiyasta cewa duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, abin da jiki ke ƙonawa yakan ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100. Numfashin da mai lafiya ke yi ba tare da ya lura ba, a wurin mai haki aiki ne ja, tamkar huɗar doya. A daidai lokacin da buƙata ta ƙaru, a lokacin ne kuma marmarin abinci ke gushewa: baki ya yi ɗaci, ƙamshi da ɗanɗano su ɓace kamar yadda ya faru ga masu korona da yawa, ga tari, ga abin shaƙar oksijin a fuska wanda sai an ɗaga shi kafin a kai loma.

Jiki kuwa ba ya jira. Idan bai samu daga waje ba, sai ya koma kan tsokarsa. Wani bincike da aka buga a 2013 ya nuna cewa majinyatan ɗakin kulawa ta musamman a Ingila sun rasa kusan kashi 18 cikin 100 na kaurin tsokar cinya a kwana 10 kacal. Abin lura a nan shi ne, abin da ke jan numfashi shi ma tsoka ne, wato shamakin da ke tsakanin ƙirji da ciki, da naman haƙarƙari. Ashe mai ciwon huhun da aka bari da yunwa, ƙarfin numfashinsa ake zaftarewa. Bahaushe ya daɗe da faɗa: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A 2020 ƙungiyar masana abincin majinyata ta Turai, ESPEN, ta fitar da jagora kan masu korona, inda ta ba da shawarar kalori 27 zuwa 30 ga kowane kilo na nauyin tsofaffin majinyata a rana, da aƙalla giram 1 na sinadarin gina jiki ga kowane kilo. Dattijo mai kilo 60 ke nan yana buƙatar kalori wajen 1,600 zuwa 1,800, da sinadarin gina jiki giram 60, kwatankwacin abin da ke cikin ƙwai 10. Mu kuwa da mun ga ledar ƙarin ruwa a rataye sai hankalinmu ya kwanta, mu ce ai ana ba shi abinci ta jijiya. Alhali lita ɗaya ta ruwan sukarin da aka fi ɗaurawa giram 50 na sukari ke ciki, wato kalori 200 ko ƙasa da haka, babu ko ɗigon abin gina jiki. Ruwan gishiri kuwa ko wannan babu. Mutum yana iya ramewa har ya kasa tashi, ledar ruwa tana ɗiga a kansa.

Ranar da aka rufe ƙofa

A ranar 5 ga Mayu 2020, majinyatan da aka killace a cibiyar Kwadon ta jihar Gombe suka fito suka tare hanyar Gombe zuwa Biu, suna kukan rashin kulawa ta fuskar abinci da magani. Jama'a da dama sun yi ta mamakin yadda mai ɗauke da cuta zai fito cikin mutane. Mamakin yana bisa hanya, amma akwai darasi a ƙarƙashinsa.

Killacewa daidai ce, kuma addini ya riga likitanci hana shiga da fita garin da annoba ta sauka. Sai dai mu tuna cewa wanda aka killace ba domin kansa kaɗai aka killace shi ba. Ya sallama 'yancinsa da kusancin iyalinsa ne domin mu da ke waje mu tsira. Ko dabba mutum ya ɗaure a turke, harawarta ta koma kansa, balle ɗan Adam mai daraja. Saboda haka duk wanda ya rufe ƙofa tsakanin majinyaci da matarsa mai dama masa kunu, kwanon ya koma wuyansa, kuma ba kowane irin kwano ba, sai wanda maƙogwaron mai tari zai iya karɓa.

Annobar dai tona asiri ta yi. Tun kafin ta zo akwai waɗanda ƙofa take rufe a kansu kullum: ɗan cirani, da almajiri, da direban da ciwo ya kayar a garin da bai san kowa ba, da tsohuwar da 'ya'yanta ba su da na babur balle na kifi. Waɗannan a kan tausayin maƙwabtan gado suke rayuwa. Muddin mun yarda cewa abinci ɓangare ne na magani, to barinsa ga ƙarfin aljihun dangi yana nufin mutum biyu masu ciwo ɗaya, a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin likita ɗaya, ɗaya yana samun cikakken magani, ɗaya yana samun rabi.

Wani zai ce asibitin da ke fafutikar samun oksijin, ina shi ina dafa farfesu? Magana ce mai nauyi, kuma ba mu ce a kori dangi ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma akwai abubuwan da ba kuɗi suke ci ba. A auna nauyin majinyaci ranar da aka kwantar da shi. A tambayi abin da ya ci a makon da ya wuce. A rubuta abin da ya shiga cikinsa kamar yadda ake rubuta zafin jikinsa. A gaya wa mai jinya cewa koko tsararo ruwa ne da gasara, ta ƙara gyaɗa ko madara, ta haɗa da ƙwai ko wake ko kifi ko nono, waɗanda duk kasuwanninmu ba su rasa su ba. Wanda kuma ba shi da kowa, asibiti ya zama danginsa.

Tsakanin ɗura da lallashi

Mu dangi ma akwai namu laifin, kuma ƙauna ce ke jawo shi. Mukan tallabi kan mai haki yana kwance mu yi masa ɗura, alhali idan ya ƙware, kunun ya bi hanyar iska, ciwon huhu na biyu zai hau kan na farko. A zaunar da shi, a ba shi kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Wanda ya yi kwanaki bai ci ba ma, cika masa ciki lokaci guda haɗari ne ga zuciyarsa, sai a bi a hankali bisa shawarar likita. A ɗaya gefen kuma, idan likita ya ce za a zura robar abinci ta hanci, sai mu ƙi sa hannu, muna ganin alamar ajali ce. Ga wanda na'ura ke taya numfashi kuwa, ita ce hanyar abincinsa, kuma masana suna son a fara ta cikin awa 48 na farko idan babu abin da ya hana.

Tirmizi ya ruwaito hani ga tilasta wa maras lafiya ci, Buhari kuma ya ruwaito yabon talbina, wato kunun sha'ir, ga mai ciwo. Idan muka haɗa biyun za mu ga ba su ba mu izinin ɗura ba, ba su kuma ba mu izinin naɗe hannu ba. Abin da ya rage shi ne lallashi da sani: a nemo abin da zai iya haɗiya, a zauna kusa da shi, a yi haƙuri da cokali uku yanzu, uku an jima.

Kammalawa

Mun ga cewa ciwon huhu yana cin jiki ta ciki, ƙarin ruwa ba ya maye gurbin kwano, kuma wanda aka raba da danginsa domin amfanin jama'a yana bin jama'a bashin ciyarwa. Babur ɗin da ke tashi daga Azuba da asuba ɗauke da fulas yana yin aikin da ya kamata asibiti ya san da shi, ya shiryar da shi, ya kuma ɗauke shi ranar da aka hana shi isowa. Mu kuma idan mun je dubiya, bayan mun ce "Yaya jiki?" mu juya ga mai jinya mu tambaye ta, "Me ya ci yau?" Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, amin.